Yadda za ka mayar da wuƙar aljihunka kamfani a wasa maka ita

Ƴan uwa mazauna Jidda da Makka, in wuƙar aljihunka ta dakushe kuma mai tsada ce irin su Benchmade, kar ka kai wa mai injin wasa wuƙa a kasuwa, zai cinye mata baki ne kawai. Benchmade ɗin suna Oregon a Amurka, suna wasa wuƙaƙensu kyauta, sai dai ka fara tura musu imel tukuna ka ce daga Saudiyya kake, don wani lokaci wakilinsu na yanki za su haɗa ka da shi, kuma in jabu ce ba za su taɓa ta ba wallahi.

Sannan ka je SPL (gidan wayan Saudiyya) ko kamfanin aika kaya na Aramex ka tambaya ko suna karɓar wuƙa zuwa waje, kar ka ɓoye, rubuta gaskiya a takardar kwastam. Ka wanke ta, ka ninke bakinta ya shige cikin ƙota, ka nannaɗe da kwali da salatif yadda ba za ta yi motsi ba, ka sa sunanka da lambar waya a ciki, ka karɓi lambar bibiyar kaya.

Kuɗin aike zuwa da dawowa kam daga aljihunka ne, in wuƙar ta riyal 30 ce sayi dutsen wasa wuƙa kawai.