Yadda na gyara jifan mashi ana tsakiyar kakar gasa

Gasa uku a jere mashina yana sauka kusan mita 4 ƙasa da inda na saba, ga gwiwar hannuna ta dama tana zogi. Abin da ya fi damuna shi ne shawara ta yi yawa. Wannan ya ce in ƙara gudu, wancan ya ce in ɗaga hannu, ni kuwa ina tsakiyar kaka, ba lokacin rushe salo a sake gini ba ne.

Sai na daina tambayar kowa. Na kafa waya a gefen hanyar gudu, ɓangaren hannun da nake jifa, daidai tsayin ƙugu, na ɗauki jifa shida a bidiyo mai tafiya sannu. Na tura wa koci ɗaya da tambaya ɗaya: me ya fi cinye min nisa?

Ya ce ƙafar hagu. Da na tsayar da hoton daidai inda ta dira, na gani da idona: gwiwar ƙafar tana lanƙwashewa, gudun da na tara yana zubewa ƙasa, hannu shi kaɗai ke dakon mashi mai giram 800. Ashe nan zogin ya samo asali.

Mako biyu ban taɓa komai ba sai wannan. Jifa daga taku biyar kawai, da kalma ɗaya a raina: "tokare". Ranar gasa ma na roƙi koci kada ya faɗa min wani abu sabo tsakanin jifa da jifa. A jifa na uku mita 3 suka dawo, hannun kuma bai yi zafi ba.