Yadda za ka riƙe dubban haɗi da zare ɗaya a sabarka

Sabar da ke buɗe sabon zare (thread, wato layin aiki mai zaman kansa a cikin manhaja) ga duk wanda ya haɗu da ita tana aiki lafiya lau, har ranar da jama'a suka yi yawa. Yawancin zarurrukan nan zaman jira kawai suke yi, suna cin ƙwaƙwalwa a banza. Wannan ce matsalar da Dan Kegel ya kira C10K a 1999: ta yaya kwamfuta ɗaya za ta riƙe haɗi 10,000 lokaci guda?

Ga yadda nake yi a Linux. Da farko ka sa wa kowane soket (ƙofar haɗin) O_NONBLOCK, wato alamar da ke hana shi tsayawa jira, har da wanda ke sauraron sababbin haɗi. Sai ka kira epoll_create1 don kafa epoll, tsarin Linux na sa ido kan soket masu yawa lokaci guda, ka yi wa soket ɗin rajista da epoll_ctl, ka shiga zagaye kana kiran epoll_wait. Shi zai miƙo maka soket ɗin da suka shirya karatu ko rubutu kaɗai. Ka rabu da select, tsohuwar hanyar yin wannan aiki, iyakarsa soket 1024. A FreeBSD da macOS kuwa kqueue za ka nema a madadin epoll. A kan irin wannan tsari Igor Sysoev ya gina sabar yanar gizo ta nginx, wadda ta fito a 2004.

Kafa zagayen ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne karatu da rubutu. TCP bai san iyakar saƙonka ba: za ka iya kiran read ka samu rabin layi, sauran ya iso daga baya. Don haka kowane haɗi ya samu ma'ajiyarsa da alamar inda ya tsaya. Idan ka ga EAGAIN, ba kuskure ba ne, cewa ake yi babu komai yanzu, ka koma zagaye. Haka write: idan ya karɓi rabi, ka adana ragowar, ka nemi EPOLLOUT, wato a sanar da kai idan an samu wurin rubutu, da ka gama turawa ka cire shi, in ba haka ba epoll_wait zai yi ta tashinka ba dalili. Shawarata, kada ka taɓa EPOLLET tukuna, wato zaɓin da ke sanar da kai kawai lokacin da sabon abu ya iso. Da shi dole ka karanta har sai ka ga EAGAIN, idan ka bar saura haɗin na iya yin tsit.

Abin da na fi damuwa da shi: kada komai ya tsaya jira a cikin zagayen. Kiran getaddrinfo guda ɗaya, mai nemo adireshin IP daga suna, ko karanta fayil daga faifai, ya isa ya daskarar da kowa. Irin wannan aiki ka tura shi ga wasu zarurruka na gefe, kamar yadda laburaren libuv ke yi wa manhajar Node.js.

Kafin gwaji, ka ɗaga ulimit -n, wato iyakar fayil da soket da manhaja za ta iya buɗewa, ka kuma sa agogon da zai rufe haɗin da ya daɗe shiru.