Yadda masu aiki da fetur, tina da gam za su kare hantarsu da jininsu

A cikin hanta akwai wani enzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, da ake kira CYP2E1. Aikinsa ya maƙala wa baƙon sinadari iskar oksijin domin ya narke a ruwa ya fita ta fitsari. Matsalar ita ce wasu sinadaran masana'antu sai sun bi ta hannunsa suke zama guba sosai.

Sinadarin benzin da ke cikin fetur misali ne. Idan aka shaƙe shi ko ya ratsa fata, hanta kan mayar da shi wasu sinadarai da jini ke kwasa zuwa ɓargo, inda suke lalata ƙwayoyin da ke haifar da jini. Daga nan ƙarancin jini ke farawa, wani lokaci har sankarar jini bayan shekaru. Hekzen da ke cikin wasu nau'o'in gam na masu haɗa takalma kuwa jijiyoyi yake ci, sai yatsun hannu da na ƙafa su riƙa yin dindiris. A 1974 aka gano wata sankarar hanta da ba kasafai ake ganinta ba a jikin ma'aikatan wata masana'antar roba ta PVC a Louisville, Amurka, sanadiyyar sinadarin binil kulorayid da wannan enzayim ɗin ke sarrafawa.

Abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙe shi ne, yawan enzayim ɗin ba ɗaya ba ne a jikin kowa. Shan giya a kai a kai yana ƙara shi. Haka ƙiba, ciwon sukarin da ba a kula da shi, doguwar yunwa, da isoniyazid, maganin tarin fuka. Mutum biyu za su yi aiki a shago ɗaya, ɗaya ya kwanta ciwo ɗaya ya tsira, kuma wannan na daga cikin dalilan.

Saboda haka a fara da rage abin da ke shiga jiki. Bakanike ya daina wanke hannu da fetur, sabulu da ruwa sun isa idan an dirje da kyau. Mai sayar da mai ya sayi ƙaramin famfon hannu, ya bar zuƙo fetur da baki ta tiyo. Tururin waɗannan sinadarai ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka tagar sama kaɗai ba ta fitar da shi. A buɗe ƙofa, a bar iska ta ratsa, a rufe gwangwanin tina, wato ruwan tsinka fenti, da zarar an ɗiba. Takunkumin yadi ko na asibiti ƙura yake tarewa, tururi na wuce shi. Mai fesa fenti na buƙatar takunkumi mai matatar gawayi, kuma da ya fara jin warin tina ta ciki, matatar ta ƙare.

Sai batun farasitamol, inda aka fi yin kuskure. Mai aiki da tina yakan yi fama da ciwon kai, ya yi ta haɗiyar ƙwaya, alhali CYP2E1 na mayar da wani kaso na maganin guba mai suna NAPQI. Babba kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Mai shan giya, mai ciwon hanta, ko wanda bai kai kilo 50 ba, nasa ya yi ƙasa da haka, likita ne zai ƙayyade. A duba kwalin maganin mura, da yawansu na ɗauke da farasitamol. Wanda ya sha fiye da ƙima ya tafi asibiti nan take ko da yana jin garau, domin makarin ya fi aiki cikin awa 8 na farko.

Idan wani ya haɗiyi fetur, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, don fetur ɗin kan faɗa huhu. A kai shi asibiti. Wanda kullum yake aiki da waɗannan sinadarai ya riƙa yin gwajin hanta na ALT da AST da na ƙidayar jini. Idan ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ko dasashi na zubar da jini, ya je asibiti ya faɗa wa likita sunan abin da yake aiki da shi.