Yadda ake hawa Kilimanjaro, ga wanda ya taso a zafin Bauchi

Tun da na dawo daga Tanzaniya na sa hoton nan da nake tsaye gefen ƙanƙara kamar katanga, ba ni da hutu a majalisarmu ta Wunti, kowa tambayarsa ɗaya, wai sanyin bai kashe ka ba? To bari in rubuta sau ɗaya in huta. Sanyin akwai shi, amma ba shi ne ke dawo da mutane daga hanya ba. Iska ce. Ƙololuwar dutsen Kilimanjaro, wadda suke kira Uhuru, tsayinta mita 5,895 ne, kuma a can duk numfashin da ka ja kusan rabin iskar da jikinka ya saba samu a ƙasa kake samu. Garin Bauchi bai fi mita 600 da wani abu ba, ko Chappal Waddi da ke Gashaka Gumti, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ka ga ashe babu inda za ka je a ƙasar nan ka ɗanɗana abin.

Don haka kafin maganar kuɗi ko jaka, je asibiti a duba jininka. Wannan ban ga kamfanonin da ke kai mutane dutsen suna yawan faɗa ba don yawancin masu zuwa musu Turawa ne, amma mu ya shafe mu. Mai sikila kada ma ya fara tunanin abin, kuma ko mai AS da yake ganin lafiyarsa ƙalau, ƙarancin iska a irin wannan tsayin yana iya taɓa masa saifa. Mai hawan jini ko asma ko ciwon zuciya shi ma sai likita ya ce to. A nan ne kuma za ka tambayi likitan maganar Diamox, ƙwayar da ke taimaka wa jiki ya saba da tsayi, ni na sha, ta sa ni yawan fitsari da jin yatsuna suna min zir-zir kamar an sa min lantarki kaɗan, amma kar ka saya a kemis ka kama sha da kanka.

Biza ka nema ta intanet tun da wuri, watanni kafin tafiya, mai fasfon Najeriya ba ya sauka kawai a buga masa a filin jirgi. Ka riƙe katin rigakafin shawara. Jirgi yawanci ta Addis Ababa ake bi a sauka filin jirgin Kilimanjaro, daga nan mota zuwa Moshi, garin da ke gindin dutsen. Lokaci mai kyau Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba, sannan ka duba kalanda kar abin ya faɗo maka cikin azumi, don ruwa lita uku zuwa huɗu ake so ka sha kullum a saman nan.

Dutsen yana cikin gandun daji na gwamnati ne tun 1973, kuma doka ce ba ka hawa kai kaɗai, dole sai da ɗan jagora mai lasisi, ta hannun kamfani. Su ne za su haɗa ka da mai dafa abinci da ’yan dako. In ka ga kamfani ya yi araha fiye da kima, to ka san a jikin ’yan dakon nan ake cirewa, don kuɗin da gwamnati ke karɓa ba ya raguwa. Ƙa’ida kilo 20 ɗan dako zai ɗauka, ana aunawa a ƙofa. Ka ware musu ihsani na ranar sauka tun daga gida, wallahi in ka ga yaro da tanti a ka ya wuce ka a hawa yana ce maka jambo, wato gaisuwarsu, kai kana haki da ’yar jakar ruwa kawai, ba sai an roƙe ka ba. Ka kuma faɗa musu tun farko kai Musulmi ne don maganar nama, akwai Musulmi da yawa a Moshi, ba abin wahala ba ne.

Hanyoyi suna da yawa, Marangu, Machame, Lemosho, Rongai, Umbwe. Mutanenmu da an ce Marangu akwai ɗakunan kwana kuma kwana biyar an gama sai su ce ita, ga sauƙi ga arha. Nan ne kuskuren. Gajeren kwanaki shi ne ke hana jiki sabawa. Ni Machame na bi ta kwana bakwai, kuma da zan sake da Lemosho zan bi in yi takwas. Abin da ya sa Machame ke da kyau, akwai ranar da za ku hau har Lava Tower, wajen mita 4,600, ku ci abincin rana a can kanku na sarawa, sannan ku gangaro sansanin Barranco ƙasa da mita 4,000 ku kwana. A ranar haushi na ji, na ce wannan wane irin aikin baban giwa ne, mun hau mun sauko. Ashe horon jiki ne, washegari na tashi garau.

Atisaye kuwa, ba gudu ake nema ba. Tafiya mai tsawo da jaka a baya, awa biyar shida, sati-sati har wata uku. Ni duwatsun Dass na riƙa zuwa ranar Asabar, sau biyu kuma na je Shere a Jos, ’yan Gombe ga duwatsun Kaltungo da Tula nan. Kuma da takalmin da za ka hau ɗin za ka yi atisayen, sabon takalmi a dutsen nan kanta kawai zai yi maka.

Kaya kar ka kashe kuɗi da yawa. Rigunan ciki masu riƙe ɗumi da safa mai kauri da hular sanyi duk na samu a gwanjo a Katako ta Jos, babbar rigar sanyi da jakar kwana da sandunan dogarawa kuwa haya na ɗauka a Moshi. A jera ake sa su, uku huɗu, don ka riƙa cirewa kana mayarwa, saboda ranar farko cikin kurmi kake kana gumi, kwana biyu sai ka ga ko ciyawa babu. Auduga ba ta da amfani, in ta jiƙe da gumi ta zama ƙanƙara a jikinka. Baƙin tabarau dole ne, hasken rana a kan ƙanƙara yana ƙona ido. Ba a shiga da robar ruwa ta yarwa, sai gora mai ƙwari. Dabino da ƙuli-ƙuli sun cece ni lokacin da abinci ya daina shiga.

Wani abu da ya ba ni dariya, ranar farko na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas yadda na saba, sai wani cikin masu dakon ya zo ya juya ni. A can alƙibla arewa take. Sallar kasaru ce kuma kana iya haɗawa, in ruwa ya zama mai cutarwa a sama ga taimama, amma ka tambayi malaminku kafin ka tafi.

Daren ƙarshe shi ne komai. Daga sansanin Barafu, wajen mita 4,670, ana tashinku kusan sha biyun dare, shayi da biskit, fitila a goshi, sai a kama hawa cikin duhu awa shida ko bakwai. Kalma ɗaya za ka yi ta ji, pole pole, wato sannu-sannu, kuma da gaske suke, taku ɗaya numfashi ɗaya kamar mai rakiyar tsoho masallaci. Akwai wani matashi a ayarinmu, ɗan ƙwallo ne, kullum shi ke fara isa sansani yana mana dariya, a daren nan shi aka fara juyowa da shi yana amai. Ka sa gorar ruwanka cikin safa ka kifa ta, don daga sama ruwa ke fara daskarewa, wayarka kuma ka sa ta a aljihun ciki kusa da fata in ba haka ba batir zai mutu kafin hoto.

Ciwon kai kaɗan da rashin cin abinci kusan kowa na yi. Amma in ka fara tangaɗi kamar mashayi, ko magana ta rikice, ko tari da kurnu a ƙirji kana haki ko a zaune, to maganin ɗaya ne, sauka, nan take. Kar ka ɓoye wa ɗan jagora don kana tuna dalolin da ka biya, mutane na mutuwa a dutsen nan.

Wajen fitowar rana za ku iso Stella Point, mita 5,756, bakin tsohon ramin aman wuta da ke saman dutsen. Daga nan zuwa Uhuru kamar awa ɗaya ne, hanya ba tsauri, ba a buƙatar igiya ko takalmin ƙarfe, ƙanƙarar tana gefen hagunka tsaye kamar bene, fara da shuɗi-shuɗi. Fiye da kashi 80 cikin 100 nata ya narke tun daga 1912, wanda Hans Meyer, Bajamushen da ya fara kaiwa ƙololuwar, ya tarar a 1889 ba shi muka gani ba. Minti goma sha biyar a sama ya isa, a yi hoto a juyo.

Saukowar ce ba wanda ya gaya min. Tsakuwa ce mai zamewa har Barafu, ka ɗan kwanta, a sake tashinka zuwa sansanin Mweka, gwiwa na rawa. Ka yanke farcen ƙafa tun a Moshi, ni na manta, biyu suka yi baƙi suka fita bayan na dawo Bauchi.