Kurakuran da aka fi yi wajen jinyar tsofaffi masu raunin ji

Babban kuskure shi ne ihu. Da dattijo ya ce "na'am?", sai mai jinya ya ɗaga murya. Alhali raunin jin da tsufa ke kawowa siraran sautuka yake fara ci, irin su s, f da sh. Tsohon yana jin ana magana, rarrabe kalmomin ne ke gagararsa. Ihu kuwa ƙara sirantar da murya yake yi, wani ma har zafi yake ji a kunne. Ka matso kusa, ka tsaya inda haske ke kan fuskarka, ka yi magana a tsanake da kakkaurar murya. In bai gane ba, sauya kalmomin, kada ka yi ta nanata jimla ɗaya. A rage ƙarar talabijin, a sauke takunkumi in babu haɗarin kamuwa da cuta, don da yawansu leɓe suke karantawa ba tare da sun sani ba.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne saurin cewa "gigin tsufa ne". An tambayi Baba abu, ya amsa wani daban, shi ke nan an rubuta ya ruɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana su walwala. Kafin a zargi ƙwaƙwalwa, a leƙa kunne. Sau da yawa dauɗa ce ta toshe shi, kuma tsinken auduga ciki yake ƙara tura ta.

Gyaɗa kai ma ba shaidar fahimta ba ce, kunya ce kan sa shi. Ka ce, "Baba, maimaita mini yadda za ka sha maganin," sannan ka rubuta masa da manyan baƙaƙe. Kuma shi za ka fuskanta, ba ɗansa da ke gefe ba.

Na'urar ƙara ji a cikin durowa ba ta da amfani. A duba batir, a goge ta, a sa masa kafin likita ya zagayo.

Magunguna irin su gentamicin, furosemide da cisplatin suna iya taɓa ji. Ƙara a kunne ko jiri bayan fara su, a sanar da likita. Kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya kuwa, wannan ba tsufa ba ne. A nemi likita a ranar.