Darasi na Tara: Maganaɗisun Niyodimiyam da Yadda Ake Amfani da Shi

Yawancinmu mun san maganaɗisu, wanda wasu ke kira mayen ƙarfe, musamman baƙin nan mai nauyi da ake cirowa daga bayan lasifikar rediyo. Akwai kuma wani iri mai ƙyalli kamar azurfa, wanda sau da yawa girmansa bai wuce maɓallin riga ba, amma idan ya kama ƙarfe sai an sha wuya kafin a ɓamɓare shi. Wannan shi ne maganaɗisun niyodimiyam, kuma a cikin maganaɗisun da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda ba sa buƙatar lantarki, babu wanda ya kai shi ƙarfi.

Da abubuwa uku ake haɗa shi: baƙin ƙarfe, da wani sinadari mai suna boron, da ma'adinin niyodimiyam, wanda wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya gano a 1885. Shi maganaɗisun kansa sai a wajajen 1984 ya bayyana, lokacin da kamfanin Sumitomo na Japan da General Motors na Amurka kowanne ya samar da nasa. A yau ƙasar Sin ce ke ƙera mafi yawansa.

Da yake ƙarami ne mai ƙarfi, shi ya sa na'urori da yawa suka ƙanƙance. Yana cikin lasifikar wayar hannu da abin sauraro na kunne, yana cikin faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, da injin motoci masu aiki da lantarki, da wasu manyan injinan da iska ke juyawa don samar da wuta. Mai sana'a ma yana da rabonsa. Tela zai tsince alluran da suka zube da shi, kafinta ya tattara ƙusoshi daga cikin garin katako, masu jari-bola kuma su bambance baƙin ƙarfe da jan ƙarfe ko alminiyam, domin waɗannan biyun ba ya kama su. Zinariya ma ba ya kama ta, saboda haka sarƙar da ta manne masa akwai wani ƙarfe a jikinta. Sai dai a lura, rashin mannewa bai tabbatar da cewa zinariya ce ba, tun da tagulla ma ba ta mannewa.

Duk da ƙarfinsa, abu ne mai gautsi. Idan aka bar biyu suka fizgi juna daga nesa, suna iya fashewa, ɓarɓashin ya shiga ido, manyan kuwa suna matse yatsa har ya yi jini. Idan ana so a raba su, kada a ja su. A zame ɗaya ta gefe. Ƙyallin da ke jikinsa rufin nikel ne, wanda in ya kankare sai tsatsa ta ci shi. Zafi ma yana rage masa ƙarfi, irin na yau da kullum yana fara raunana idan zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin Celsius, don haka kada a ajiye shi kusa da murhu.

Babban haɗarinsa ga yara ne. Idan yaro ya haɗiye guda biyu ko fiye, suna iya jan juna daga sassan hanji daban-daban, su matse naman da ke tsakani har ya huje. A garzaya da shi asibiti nan take ko da yana ta wasansa, a kuma gaya wa likita abin da ya haɗiye. Haka nan a nisanta maganaɗisun daga katin banki da ƙirjin mai na'urar daidaita bugun zuciya.

Aikin aji: kowa ya zo da ƙusa, da guntun wayar jan ƙarfe, da murfin tukunyar alminiyam. A gwada kowanne da maganaɗisu, sannan a rubuta sunan wanda ya manne da waɗanda ba su manne ba.