Darasi na 6: Monstera a cikin ɗaki, filamboyan a fili

Yau tsirrai biyu za mu ajiye kusa da juna mu duba. Na farko shi ne monstera, mai manyan ganyen nan masu huji-huji da tsaga da ake sawa a tukunya a kusurwar falo ko ofis. Ta biyu bishiya ce babba, filamboyan, masana suna ce mata Delonix regia, wadda idan lokacin furenta ya yi sai ka hango kanta ya yi ja jawur tun daga nesa. Dukansu daga ƙasashen zafi suka fito, to a nan mutane ke rikicewa, su ɗauka ai tunda duk zafi suke so kulawarsu ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce sam, kusan ma abin da ke raya wannan shi ke wahalar da waccan.

Inda kowa ya taso

Asalin monstera kurmin kudancin Meksiko ne har zuwa Panama, wurin da ruwan sama ke zuba sosai kuma manyan itatuwa sun rufe sama. A ƙasa yake tsirowa inda rana ba ta isa, sai ya lalubi wata bishiya ya kama ta da saiwoyin da ke fitowa daga jikin karansa, yana hawa a hankali har ya kai wajen mita 20, ganye ɗaya kuma ya kan yi santimita 90. Ƙaramin monstera ganyensa ba huji, sai ya girma ya samu isasshen haske sannan tsagar ke fitowa, saboda haka in kun sayi ƙarami kuka ga ganyen a haɗe kar ku ce an cuce ku.

Ita kuwa filamboyan daga tsibirin Madagaska take, ɓangaren yamma inda ake doguwar rani. Ta saba ta zubar da ganye ta tsaya tsirara tana jiran ruwa, sannan ta fashe da fure. Tsayinta yawanci mita 9 zuwa 15 ne amma faɗi ta fi yi, rassan su bazu kamar laima. Ku ɗauki fure ɗaya ku duba da kyau, kunnuwa biyar gare shi, huɗu ja, na biyar ɗin ya ɗan fi girma da ɗigon fari da rawaya. Bayan fure sai dogayen kwansuna masu kai santimita 60, su bushe su yi baƙi suna reto a sama.

Haske da ruwa

Monstera haske yake so amma ba rana tsaka ba. Kusa da taga mai labule marar kauri, ko wurin da hantsi kaɗai ke taɓawa, nan ne wurinsa. In rana ta dake shi kai tsaye ganyen zai ƙone ya yi tabo ruwan ƙasa kuma tabon nan ba ya gogewa, in kuma aka cusa shi lungu mai duhu sai karan ya yi ta miƙewa siriri yana fitar da ƙananan ganye marasa tsaga. Filamboyan ba ta san wannan lallashin ba, rana take so tun safe har yamma, in gini ko wata bishiya ta tare ta za ta rayu amma furen sai dai ku gani a na wasu.

Maganar ruwa ita ce na fi so ku riƙe, don yawancin monstera da ke mutuwa a ɗaki ba ƙishi ke kashe su ba, yawan shayarwa ne. Mutum yana son abinsa, kullum da safe ya zuba masa kofi ɗaya, ƙasar ba ta taɓa shan iska ba, saiwa ta ruɓe a ciki, ganyen ƙasa su fara yin rawaya, shi kuma ya ga rawaya sai ya ce ai ƙishi ne ya ƙara ruwa. Abin na ba ni tausayi wallahi, don gyaran ba wuya. Ku cusa yatsa a cikin ƙasar kamar santimita 3 zuwa 5, in da laima ku ƙyale shi, in ta bushe ku zuba ruwa sosai har ya fita ta hujin gindin tukunya, sannan ku zubar da wanda ya taru a faranti. Tukunyar da ba huji kuwa kar ma a fara, komai kyanta. Bakin ganye in ya bushe ya yi ƙamas, to busasshiyar iska ce, ku matsar da shi daga gaban fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, kuma lokaci-lokaci a goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.

Filamboyan ruwanta na yarinta ne, shekara ɗaya ko biyu na farko a dinga ba ta, da ta kafu shi ke nan. In ta zubar da ganye da rani ba ciwo ba ne, halinta ne.

Saiwa

A nan bambancin ya fi tsada. Saiwar monstera tana cikin tukunya, in ta cika ta fara leƙowa ta huji sai a sauya masa wadda ta ɗan fi girma, kamar duk shekara 2, a kafa masa sanda ya hau. Saiwoyin da ke rataye a jikinsa ba cuta ba ce, a tura su cikin ƙasa ko a ɗaure su jikin sandar. Filamboyan saiwarta ba ta nitsewa sosai, ta sama-sama take bi tana kauri, tana ɗaga daɓen siminti, ta tsaga katanga, ta matse bututun ruwa. Ni shawarata a bar mata aƙalla mita 6 tsakaninta da kowane gini, in ba ku da wannan filin ku haƙura da ita, gara hakan da a zo a sare ta bayan shekara goma tana cikin ganiyarta. Reshenta kuma yana da saurin karyewa a iska mai ƙarfi, don haka a gyara mata rassa tun tana ƙarama, kuma ku sani ciyawa ba ta cika yin kirki a ƙarƙashinta ba.

Yadda ake samun sabo

Monstera yanka ake yi. A yanko kara mai gaɓa ɗaya, wato wurin da ganye da ɗan tsinin saiwa suka fito, a sa a kwalbar ruwa ana canja ruwan, cikin 'yan makonni saiwa za ta fito. Ganye zalla ba gaɓa ba zai taɓa zama tsiro ba ko ya daɗe kore a ruwa. Filamboyan iri ake shukawa, amma ɓawonsa tauri gare shi, sai an ɗan goga gefe ɗaya a dutse ko a jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana. Tana saurin tsawo, fure ne dai sai an yi haƙuri, shekara 5 ko ma fiye.

Abu ɗaya kar ku manta, ganye da karan monstera suna ɗauke da sinadarin kalsiyam okzalet mai ƙona baki da maƙogwaro. A ɗaga shi daga inda yaro mai rarrafe ko kyanwa ko kare za su kai, in yaro ya tauna a kurkure masa baki da ruwa, in an ga kumburi ko numfashi na wahala a tafi asibiti nan take.

Aikin da za ku yi

Ku zaɓi wuri ɗaya a cikin ɗaki da ɗaya a waje. Ku duba su da safe, da tsakar rana, da yamma, ku rubuta ko rana na dukan wurin ko inuwa ce. Na wajen ku auna da taku daga nan zuwa bango mafi kusa ku rubuta adadin da lamba. Sannan a jimla biyu ko uku kowa ya rubuta wanne cikin tsirran nan zai sa a kowane wuri da dalilinsa, in kuma wurin bai dace da ko ɗaya ba ku rubuta hakan, za mu karanta tare a aji na gaba.